Fela Sowande: Ma'aikacin gidan rediyo da ya ratsa rukunan kiɗa uku

Duk yaron da ya zaɓi darasin kiɗa a makarantar sakandare a Najeriya, abu na farko da ake ɗora masa shi ne rabe-raben kiɗa. Akan koya masa cewa kiɗan ƙasar nan ya kasu gida uku: akwai na gargajiya, akwai na zamani wanda ake yi domin kasuwa da nishaɗin jama'a, sannan akwai rubutaccen kiɗa, wato wanda ake tsarawa a takarda tun kafin kowa ya taɓa abin kiɗa. Kowane gida yana da jerin sunayen da ɗalibi zai haddace kafin ranar jarrabawa. Su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos suna gida na farko, su Rex Lawson da Victor Olaiya suna na biyu. A gida na uku kuwa, sunan da ba a tsallakewa shi ne Fela Sowande, wanda ake yi wa laƙabi da uban rubutaccen kiɗan Najeriya.

Laƙabin ya dace da shi, sai dai ya yi masa kaɗan. Sowande ya ci abinci da kiɗan rawa a gidajen shaƙatawa na Landan, ya jagoranci mawaƙan coci, ya rubuta wa manyan ƙungiyoyin makaɗa kiɗa, ya riƙe ofis a gidan rediyon gwamnati, sannan ya ƙare rayuwarsa yana koyar da kiɗan gargajiyar Afirka a jami'o'in Amurka. Wanda ya bi sawunsa daga farko zuwa ƙarshe zai fahimci abin da ya raba rukunan nan uku fiye da wanda ya haddace ma'anarsu a littafi. Kafin a yi nisa, yana da kyau a kawar da wani ruɗani: wannan ba shi ne Fela Anikulapo Kuti ba. Sowande ya girmi Kuti da shekara 33, kuma suna da asalin Abeokuta ne kawai suka haɗa su, sai kuma alaƙar da kowannensu ya yi da kwalejin kiɗa ta Trinity a Landan.

An haifi Olufela Obafunmilayo Sowande ranar 29 ga Mayu, 1905, a ƙasar Yarabawa. Mahaifinsa, Emmanuel Sowande, limamin cocin Angilikan ne, yana kuma cikin mutanen farko da suka dage wajen shigar da waƙoƙin Yarabanci cikin ibadar coci. Yaron ya yi karatu a makarantar CMS Grammar School, daga nan ya wuce King's College, duka a Legas. Amma makarantar da ta fi yi masa tasiri ita ce ƙungiyar mawaƙan babban cocin Christ Church da ke bakin ruwa a Legas, inda ya shiga yana yaro ƙarƙashin T. K. Ekundayo Phillips, wanda ya yi karatun kiɗa a Landan tun kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A hannun Phillips ya koyi ogan, babban abin kiɗan nan na coci mai bututun iska, wanda ake dannawa da yatsu a kuma taka da ƙafafu. A nan ya fara sanin ayyukan su Bach, ya kuma koyi karanta kiɗa a takarda kamar yadda ake karanta wasiƙa.

Matsalar da Phillips da tsararsa suke fama da ita a lokacin ba baƙuwa ba ce ga mai jin Hausa. Yarabanci harshe ne mai karin sauti: kalma guda tana iya nufin miji, ko fartanya, ko jirgi, gwargwadon yadda murya ta hau ko ta sauka a kanta. Haka Hausa take; kuka na hawaye da kuka ta miya, karin sauti ne ya raba su. Da masu wa'azin mishan suka fassara waƙoƙin ibada na Ingilishi zuwa Yarabanci, sai suka bar su a kan karin waƙar Turawa, murya tana hawa a inda harshen yake son ta sauka, har ma'ana takan jirkice a bakin masu rerawa. Maganin da mawaƙan Yarabawa suka samo shi ne a bar kalmomi su ja ragamar karin waƙa. Daga nan ɗalibi zai tsinci kalma ta farko da ake buƙata a nazarin kowane irin kiɗa, wato karin waƙa, wanda manazarta waƙar baka ta Hausa kan kira rauji: jerin sautuka masu hawa da sauka da mutum zai iya bi da fito ko da an cire kalmomin. Turawa sukan gina nasu a kan matakalar sauti mai hawa bakwai, alhali yawancin waƙoƙin gargajiyar Yarabawa suna tafiya ne a kan mai hawa biyar. Sowande ya tashi da matakalan biyu a kunnensa.

Legas ta shekarun 1920 da farkon 1930 ba coci kaɗai gare ta ba. Fayafayan garmaho da rediyo sun kawo jaz daga Amurka, jiragen ruwa kuma suna kawo hailaif daga gaɓar ƙasar da ake kira Gana a yau. Sowande ya shiga wannan harka da ƙarfinsa, yana kaɗa fiyano, har ya jagoranci ƙungiyar makaɗan rawa. Jaz ta samo asali ne a tsakanin baƙaƙen fata na birnin New Orleans a farkon ƙarni na ashirin, kuma abubuwa biyu ne suka fi bambanta ta. Na farko shi ne ƙirƙira nan take: makaɗi ya ɗauki sanannen kari ya riƙa sarrafa shi yadda ya ga dama a gaban jama'a, ta yadda kiɗan daren yau ba zai zo daidai da na gobe ba. Na biyu shi ne sauke nauyin bugu a inda kunne bai zata ba, abin da ke sa jiki motsi ko mutum bai yi niyya ba. Bugu, wato yadda ake rarraba sauti a cikin lokaci, shi ne kalma ta biyu da ɗalibi ke buƙata, kuma a nan ne kiɗan Afirka ya fi arziki.

A 1934 ya tafi Landan da niyyar karatun injiniyan gine-gine. Kiɗa ne ya riƙa biya masa kuɗin haya da na abinci, kuma ba a jima ba ya ajiye batun injiniya gaba ɗaya. A 1936 shi ne ya kaɗa fiyano a Rhapsody in Blue na George Gershwin a cikin wasan Blackbirds, wanda baƙaƙen fatan Amurka suka kawo Landan. Ya yi kiɗa tare da Fats Waller, ya zama makaɗin mawaƙiya Adelaide Hall, ya kuma yi fayafayi da ita da Vera Lynn. A wannan zamani ya yi suna da ogan na lantarki ƙirar Hammond, wanda bai daɗe da fitowa kasuwa ba, ana kuma jin sa a BBC.

Da rana kuwa wani mutum ne daban. Yana ɗaukar darasi wurin manyan malamai irin su George Oldroyd da George Cunningham da Edmund Rubbra, kuma a 1943 ya ci jarrabawar zama cikakken ɗan Kwalejin Sarauta ta Makaɗan Ogan, mataki mafi girma da makaɗin ogan ke iya kaiwa a Ingila, ya haɗa da lambobin yabo na Limpus da Harding da Read. Ya samu digirin kiɗa na Jami'ar Landan. A lokacin yaƙi ya yi aiki da sashen shirya fina-finai na ƙasashen mulkin mallaka, yana kula da kiɗan da ake sa wa fina-finan wayar da kai da ake aikowa Afirka. Daga 1945 zuwa 1952 shi ne makaɗin ogan kuma shugaban mawaƙa a Kingsway Hall, cibiyar cocin Methodist a tsakiyar Landan.

Yatsun da suka kaɗa Hammond daren Asabar su ne suke kaɗa ogan na coci safiyar Lahadi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa abin kiɗa ba shi ne yake yanke hukuncin rukunin da kiɗa ya faɗa ba. Tambayoyin da ke yanke shi su ne: ta yaya kiɗan ke isa ga mai kaɗa shi, wa yake biya, kuma me jama'a suke yi a lokacin da ake kaɗawa? Kiɗan gargajiya ana gadonsa ne da kunne, daga uba zuwa ɗa ko daga maigida zuwa yaronsa, yana kuma ɗaure da wani aiki na al'umma, ko sarauta, ko noma, ko biki, ko bauta. Kiɗan zamani yana yawo ta faifai da rediyo, mai saye ne ubangidansa, kuma rawa ake yi da shi. Rubutaccen kiɗa kuwa takarda ce ke ɗauke da shi. Mai tsarawa daban, masu kaɗawa daban, wataƙila ma ba su taɓa ganin juna ba, jama'a kuma zama suke yi su yi tsit su saurara.

Shekarun Kingsway Hall su ne lokacin da ya fi yawan rubutu. Dabararsa ita ce ya ɗauko karin wata waƙar Yarabawa da kowa ya sani a gida, ya mai da ita ginshiƙi, sannan ya yi gini a kanta da kayan aikin da ya koya wurin Turawa. Babban kayan aikin shi ne jituwar sauti, wato a buga sautuka uku ko huɗu mabambanta a lokaci guda su dace da juna, a kuma riƙa sauya su bisa ƙa'ida. Wannan ce kalma ta uku, kuma ita ce ta fi nisa da kunnen wanda ya saba da jagora da 'yan amshi, inda murya ɗaya ke bayarwa sauran su karɓa a kan kari guda. Ayyukansa na ogan irin su Obangiji da Jesu Olugbala da Yoruba Lament duk a wannan turba suke. Oyigiyigi kuwa misali ne na tsarin da ake kira jigo da sauye-sauye: a gabatar da kari a fili, sannan a riƙa dawo da shi cikin sabuwar shiga, wani lokaci da sauri, wani lokaci a hankali, wani lokaci a ɓoye shi can ƙarƙashin ƙafafun mai kiɗa. Ya kuma sarrafa waƙoƙin ibada na baƙaƙen fatan Amurka, waɗanda suka samo asali tun zamanin bauta, domin yana jin jini ɗaya ke gudana a cikinsu da waƙoƙin gida.

Aikin da ya fi fitar da sunansa shi ne African Suite, wanda ya rubuta a 1944 domin kayan tsirkiya na Turawa, wato dangin biyolin, 'yan uwan gogenmu. Jerin kiɗa ne mai kashi biyar, kowane kashi da nasa yanayi. Biyu daga ciki ya gina su ne a kan karin waƙoƙin Ephraim Amu na Gana, ɗaya waƙar reno ce, ɗaya nasa ne na kansa da ya zuba kewar gida a ciki, na ƙarshe kuma, Akinla, daga wani karin hailaif ya fito. Ke nan rukunan nan uku na littafin makaranta suna zaune a cikin aiki guda. Kamfanin Decca ya ɗauke shi a faifai a farkon shekarun 1950. Abin mamaki, mutanen Kanada da yawa sun san Akinla, domin shekaru da dama shi ne taken shirin Gilmour's Albums na gidan rediyon ƙasarsu.

A nan akwai suka da ya kamata a faɗa. In aka sa wa dattijon ƙauye a ƙasar Egba faifan African Suite, da wuya ya ce kiɗan gidansu ne. Zai ji kiɗan Turawa ne da ɗan ƙamshin gida. Karin na Afirka ne, amma tufar da aka sa masa, da jituwar sautin, da kayan kiɗan, duk na Ingila ne na wancan zamani, kuma ganga, wadda ita ce kashin bayan kiɗan Yarabawa, ba ta da gurbi a ciki. Waɗanda suka biyo bayansa sun ga wannan giɓi. Akin Euba, alal misali, ya nemi hanyar da zai sa fiyano ya yi magana irin ta ganguna. Sai dai duk mai wannan suka ya tuna cewa a shekarun 1940 Turawa da yawa ba su yarda cewa waƙar Afirka tana da ƙwarin da za ta ɗauki babban gini ba. Sowande ya amsa musu ne da harshen da suke ji.

A 1953 ya dawo gida ya karɓi shugabancin sashen kiɗa na gidan rediyon gwamnati, wanda ya zama Hukumar Watsa Labarai ta Najeriya, NBC, a 1957, kuma shi ne aka sake wa fasali a 1978 ya zama Rediyo Najeriya na yau. Wannan kashi na rayuwarsa shi ne ba a cika ambata ba, alhali yana iya zama mafi amfani ga ƙasa. Ma'aikaci ne mai tebur da fayil da kasafin kuɗi, kuma ya yi amfani da kujerar wajen sa a fita da na'urar ɗaukar murya a naɗo kiɗan gargajiya daga bakin masu shi, a adana, a kuma watsa shi tare da bayani. A wannan gidan rediyo ne matasa irin su Euba da Ayo Bankole da Samuel Akpabot suka yi aiki, waɗanda sunayensu ke bin nasa a jerin da ɗalibai ke haddacewa yanzu.

Wanda ya zauna da makaɗan gargajiya yana ɗaukar kiɗansu dole ya nemi kalmomin da zai bayyana abin da yake ji. Na kayan kiɗa sun zo da sauƙi, domin tun 1914 masana biyu, Hornbostel da Sachs, suka raba su gida huɗu bisa ga abin da ke girgiza ya ba da sauti, kuma rabon nasu ake koyarwa har gobe. Akwai masu fata, kamar dundun da bata na Yarabawa, ko kalangu da kotso da taushi. Akwai masu tsirkiya, kamar goge da garaya da kuntigi. Akwai na busa, kamar algaita da kakaki da sarewa. Akwai kuma waɗanda jikinsu ne ke ƙara in an buga ko an girgiza, kamar agogo da shekere na Yarabawa, ko kuge da ƙwarya. Abin da rabon bai iya faɗa ba shi ne wa ke da ikon kaɗa abu, da yaushe, da kuma don wa. Kakaki da sarewa gida ɗaya suke a littafi, amma kowa ya san ba a busa wa talaka kakaki. Irin wannan sani ne ya riƙa jan hankalin Sowande, har ya kai shi ga zurfafa bincike a kan Ifa, tsarin duba da hikimar Yarabawa, wanda ya yi rubuce-rubuce a kansa. Ɗan limamin coci, makaɗin Kingsway Hall, ya koma ɗalibi a gaban masanan gargajiya.

Da 'yancin kai ya ƙarato, ya rubuta babban aikinsa, simfonin da ya gina a kan waƙoƙin gargajiyar Najeriya, domin bikin 1960. Simfoni dogon kiɗa ne, galibi mai kashi huɗu, da ake rubuta wa cikakkiyar ƙungiyar makaɗa mai mutum sittin ko fiye, masu tsirkiya da masu busa da masu ganguna. Najeriya ba ta da irin wannan ƙungiya a lokacin, saboda haka makaɗan birnin Bournemouth na Ingila ne suka kaɗa shi. A shekarar ce kuma ƙasar ta karɓi taken da wasu mata biyu 'yan Birtaniya suka shirya, Lillian Jean Williams ta rubuta kalmomin, Frances Berda ta sa kari, wanda shi ne aka dawo da shi a 2024. Ana iya cewa sabuwar ƙasa tana da mai tsara kiɗa na sahun gaba, amma ba ta tanadi makaɗan da za su kaɗa abin da ya rubuta ba, kuma har yau wannan giɓi bai cike ba. Shi ya sa yawancin ɗaliban da suka san sunansa ba su taɓa jin ko minti ɗaya na kiɗansa ba. A matakin firamare da ƙaramar sakandare ma an narkar da darasin kiɗa cikin darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, inda yake raba 'yan sa'o'i da zane da wasan kwaikwayo.

Daga gidan rediyo ya koma Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ibadan a matsayin mai bincike. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta sa wa makarantarta ta kiɗa sunansa. Girmamawa ta zo masa daga ɓangarori da dama: lambar MBE daga Sarauniyar Ingila a tsakiyar shekarun 1950, lambar MFR daga gwamnatin tarayya, sarautar gargajiya a Legas, da digirin girmamawa daga Jami'ar Ife a 1972.

Ra'ayinsa a wannan mataki ya yi nisa da na saurayin da ya tafi Landan. Yana ganin cewa a al'ummar gargajiya kiɗa ba abin nishaɗi ba ne da za a ware shi gefe. Sauti yana da ƙarfi da yake aiki a kan mutum da al'umma, kuma wanda ya auna shi da ma'aunin ɗakin sauraro na Turai zai rasa abin da ya sa ake yin sa. Amma bai yarda da masu cewa a rufe ƙofa a watsar da duk abin da ya zo daga waje ba. Matsayinsa shi ne al'adu suna ba juna suna karɓa daga juna, kuma kishin ƙasa da ba shi da linzami yana iya hana mutum abin da zai amfane shi. Wannan matsayi bai gamsar da kowa ba a zamanin da ake zafin neman asali, amma shi ne ya yi daidai da rayuwar da ya yi.

A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, ya koma Amurka. Ya koyar a Jami'ar Howard da ke Washington, inda ya naɗi jerin laccoci masu yawa a kan kiɗa da al'adun Najeriya, daga nan ya koma Jami'ar Pittsburgh a 1972, sannan sashen nazarin al'ummomin Afirka na Jami'ar Kent State a jihar Ohio, inda ya yi aikinsa na ƙarshe. Ɗalibansa a waɗannan shekaru akasarinsu baƙaƙen fatan Amurka ne masu neman sanin tushensu, jikokin mutanen da suka ƙirƙiro jaz ɗin da ta ciyar da shi a Landan. Ya rasu ranar 13 ga Maris, 1987, a garin Ravenna na jihar Ohio, yana da shekara 81, kuma a can Ohio aka binne shi.